Hoton Jijiyoyin Zuciya da Na'urar Siti-Sikan: Tsabtar Hoto da Yawan Radiyeshan

Zuciyar ɗan Adam, duk da cewa ita ce take harba jini zuwa kowane lungu na jiki, ba ta cin moriyar jinin da yake cike da ɗakunanta kai tsaye, sai ta hanyar wasu siraran jijiyoyi da suke kwance a kan bayanta. Guda biyu ne suke tasowa daga gindin babbar jijiyar da take fita daga zuciya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ta hagun kuma ba ta yin nisa take rabuwa gida biyu, kuma faɗin kowace a inda ta fi kauri bai cika wuce milimita 3 zuwa 5 ba. Idan kitse ya yi shekaru yana taruwa a bangon waɗannan jijiyoyi har hanyar jini ta ƙuntata, mutum yakan fara jin nauyi ko matsi a ƙirji a duk lokacin da ya yi sauri ko ya hau tudu, idan kuma wurin ya fashe jini ya daskare a kansa ya toshe hanyar gaba ɗaya, sai wani sashe na tsokar zuciya ya mutu, kuma wannan ciwo shi ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya a yau. Hawan jini da ciwon suga da shan taba da ƙiba su ne suke share masa fage, kuma tun da kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan 'yan Najeriya yana da hawan jini, babu dalilin da zai sa mutanen Mubi da Maiha da Michika a Jihar Adamawa su ɗauka cewa ciwon na mutanen wasu ƙasashe ne. Wani abin damuwa kuma shi ne yadda ake saurin kiran duk wani ciwon ƙirji da sunan olsa, a yi watanni ana shan maganin ciki alhali matsalar tana cikin jijiyar zuciya.

Tsohuwar hanyar ganin cikin waɗannan jijiyoyi, wadda likita Mason Sones ya buɗe ƙofarta a Cleveland ta Amurka a shekarar 1958, ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har ya kai bakin jijiyar zuciya, a tura ruwa mai sinadarin aidin, a ɗauki hoton eksire yayin da ruwan yake gudana. Har yanzu ita ce hanyar da ake bi idan ana son buɗe jijiyar da ta toshe, amma aiki ne da yake shiga jiki, mai tsada, kuma wuraren da ake yin sa a Najeriya kaɗan ne. Na'urar siti-sikan, wadda injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971, ta iso Najeriya a 1987 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, sai dai ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta iya kama hoton zuciya, domin na'urorin farko suna da jinkiri ƙwarai. Sai a 2004, da aka fito da na'urori masu layin karɓar haske 64, hoton jijiyoyin zuciya ya zama abin da likita zai iya dogara da shi ba tare da an zura bututu ba, allura ɗaya ce kawai a jijiyar hannu.

Yadda na'urar take aiki shi ne tushen duk wata muhawara a kan tsabtar hoto da yawan radiyeshan. Majinyaci yana kwanciya a kan gado mai shiga cikin wani babban zobe, a cikin zoben kuma akwai kwalbar da take fitar da hasken eksire, wato haske mai ƙarfi da ido ba ya gani wanda yake ratsa nama, tana zagaya jiki kusan sau uku a cikin daƙiƙa ɗaya, yayin da na'urorin karɓa da suke ɗaya gefen suke ƙidaya yawan hasken da ya tsallake. Ƙashi da aidin suna tare haske da yawa, kitse da iska suna barin sa ya wuce, daga wannan bambanci ne kwamfuta take lissafa hoton jiki yanki-yanki, kowane yanki kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Matsalar ita ce, hasken yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma idan ƙwayoyin da suka isa wurin karɓa ba su da yawa, sai hoton ya fito tsaki-tsaki, gefen jijiya ya ɓace a cikin ɗigo-ɗigon da ba na jiki ba ne. Dokar lissafin da take mulkin wannan abu tana da tsauri: wanda yake son rage tsakin hoto zuwa rabi, dole ne ya ninka radiyeshan sau huɗu. Saboda haka hoto mai sheƙi da ƙyalli, wanda yake burge ido a kan allo, sau da yawa jikin majinyaci ne ya biya kuɗinsa, alhali wanda bai kai shi kyau ba zai iya amsa tambayar likita daidai wa daida.

Matsala ta biyu ita ce motsi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar hoton doki mai sukuwa da wayar hannu bayan faɗuwar rana ya san wahalar biyu a lokaci guda, haske ya yi kaɗan, abin ɗauka kuma ba ya tsayawa. Zuciya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, jijiyoyin suna tafiya tare da ita, musamman ta dama wadda ta fi saurin motsi, kuma lokacin da take ɗan lafawa gajere ne, yana zuwa ne bayan ta matse ta saki, yayin da take cika da jini kafin bugu na gaba. Na'ura mai layi 64 tana bukatar kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa kafin ta tara abin da zai ishe ta gina hoto ɗaya, kuma tana rufe kimanin santimita 4 ne kawai a kowane zagaye, don haka sai ta haɗa guntaye daga bugu da yawa kafin ta gama zuciyar. Idan bugun yana da sauri ko ba ya tafiya bisa tsari, ko kuma majinyaci ya saki numfashi a tsakiyar aiki, guntayen ba za su dace da juna ba, kuma ƙarin radiyeshan komai yawansa ba ya gyara wannan lahani.

Ana auna nauyin radiyeshan a jiki da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane mutum a duniya yana karɓar kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin sama, hoton ƙirji na eksire na yau da kullum kuma bai cika wuce milisibat 0.1 ba. Hasken da siti-sikan take amfani da shi ba ya ƙona fata a irin wannan adadi, ba ya zama a jiki bayan an kashe na'ura, kuma wanda aka ɗauka hoto ba ya cutar da iyalinsa idan ya koma gida, saɓanin abin da wasu suke tsoro. Abin damuwar shi ne yana iya yi wa ƙwayoyin gado da suke cikin ƙwayoyin halitta lahani, jiki yakan gyara mafi yawa, amma ɗan abin da ya kuɓuce yana iya zama sanadin ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Masana suna kimanta wannan haɗari ne daga binciken da aka daɗe ana yi a kan waɗanda suka tsira daga bama-baman Hiroshima da Nagasaki na 1945, kuma bisa lissafin hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshan, gwaji mai milisibat 3 yana ƙara haɗarin mutuwa da ciwon daji da kimanin mutum 1 zuwa 2 cikin 10,000. Wannan adadi ƙiyasi ne, kuma ba ɗaya yake ga kowa ba. Wani nazari da Andrew Einstein da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, bisa yadda ake ɗaukar hoton a wancan zamani, ya ƙiyasta haɗarin kamuwa da ciwon daji a tsawon rayuwa da 1 cikin 143 ga mace 'yar shekara 20, amma 1 cikin 3,261 ga namiji ɗan shekara 80, domin nono da huhu suna kan hanyar hasken, kuma mai ƙuruciya yana da sauran shekarun da lahanin zai iya bayyana a cikinsu.

Waɗannan alƙaluma sun tayar da hankalin likitocin zuciya, kuma abin da ya biyo baya yana daga cikin nasarorin da ba a cika ba da labarinsu ba. Binciken da aka yi wa suna PROTECTION na farko, wanda ya tattara bayanan majinyata 1,965 daga cibiyoyi 50 a 2007, ya samu cewa matsakaicin abin da majinyaci yake karɓa ya kai kusan milisibat 12, wato abin da zai tara daga muhalli a shekara biyar. Da aka sake irin wannan bincike a 2017 a cibiyoyi 61 na ƙasashe 32, a kan majinyata 4,502, sai aka ga adadin ya ragu da kashi 78 cikin 100, ba tare da yawan hotunan da suka gaza amfani ya ƙaru ba. Sai dai wannan bincike na biyu ya bankaɗo wani abu da ya kamata ya hana kowane shugaban sashen hoto barci, domin tsakanin cibiyar da ta fi tsimi da wadda ta fi ɓarna bambancin ya kai ninki 37. Gwaji iri ɗaya ne, tambaya iri ɗaya ce, amma majinyacin wani wuri yana karɓar abin da ya ninka na wani sau talatin da bakwai, kuma babban ɓangare na wannan tazara daga hannun mutane yake fitowa, daga yadda aka shirya majinyaci da yadda aka saita na'ura.

Mafi girman dabarar rage radiyeshan ita ce zaɓar lokacin kunna haske. A tsohon salo na'ura tana haskawa ba tsayawa daga farkon bugun zuciya har ƙarshensa, bayan an gama sai a zaɓi ɗan guntun da zuciya ta lafa a yi aiki da shi, sauran kuma ya tafi a banza bayan ya riga ya ratsa jiki. A sabon salo ana liƙa wa majinyaci wayoyin auna bugun zuciya a ƙirji, na'ura tana bin bugun tana hasashen lokacin lafawa, ta kunna haske a wannan ɗan lokaci kaɗai sannan ta kashe, kuma gwaje-gwaje sun nuna wannan yana rage radiyeshan da kusan kashi biyu cikin uku. Sharaɗinsa shi ne bugun zuciya ya sauka zuwa 60 ko ƙasa da 65 a minti, ya kuma kasance a daidaice, shi ya sa ake ba majinyaci ƙwayar rage bugu irin su metoprolol kimanin awa ɗaya kafin gwaji, ko a yi masa allurarta a kan gado. Wannan magani ne mai araha, amma amfaninsa a nan ya ninku, yana tsayar da hoto, yana kuma ba da damar a bi salon da ya fi tsimi. Cibiyar da take gaggawar sallamar layi ta ɗauki mutum yana bugun 85 ta yi hasara biyu a kansa.

Dabara ta biyu ita ce rage ƙarfin wutar kwalbar hasken daga kilobolt 120 da aka saba zuwa 100, ko 80 ga mai ƙaramin jiki. Wannan yana rage radiyeshan da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, kuma wani abin alheri shi ne aidin ya fi haskawa a ƙaramin ƙarfi, don haka jijiyar takan fito fili sosai duk da ɗan ƙarin tsaki. Mai ƙiba sosai ne kaɗai yake bukatar babban ƙarfi, saboda haka saita na'ura a lamba ɗaya ga siririn makiyayi da ƙaton ɗan kasuwa kuskure ne da ake iya kauce masa da awon nauyi da tsawo. Akwai kuma taƙaita tsawon wurin da za a haska, daga inda maƙogwaron iska ya rabu biyu zuwa ƙarƙashin zuciya, wanda bai cika wuce santimita 12 zuwa 14 ba, da sababbin hanyoyin lissafi da kwamfuta take maimaitawa tana tace tsakin hoto. Manyan na'urori masu kwalba biyu, ko masu layi 320 da suke rufe santimita 16 a zagaye ɗaya, suna iya gama zuciya a bugu guda, wasu ma da ƙasa da milisibat 1, amma na'ura mai layi 64 a hannun ƙwararre mai haƙuri ta fi babbar na'ura a hannun mai sakaci.

A nan ne halin da majinyacin Mubi yake ciki ya shigo. Wannan gwaji yana bukatar na'ura mai layi 64 ko fiye, da manhajar bin bugun zuciya, da famfon tura ruwan aidin, da wutar lantarki mai tsayuwa da ɗaki mai sanyi, da likitan da ya koyi karanta hoton, kuma irin wannan haɗi a manyan birane aka fi samunsa. Wanda likita ya tura daga Mubi yakan kama hanyar Hong da Gombi da Song, kusan kilomita 200, zuwa Yola inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama yake, idan kuma abin da ake nema ya fi ƙarfin nan sai a miƙa shi Gombe ko Maiduguri ko Kano ko Abuja. Ga irin wannan mutum, wanda wataƙila sai da ya sayar da sa ko buhunan masara kafin ya haɗa kuɗin mota da masauki da gwaji, babu radiyeshan da ya kai na hoton da ya lalace muni, domin ya karɓi hasken, ya karɓi ruwan aidin, ya biya kuɗi, kuma ko dai a maimaita masa komai ko ya dawo gida ba amsa.

Abubuwan da suke hana wannan asara ƙanana ne, kuma da yawansu tun daga Mubi ake fara su. Ana so majinyaci ya guji duk abin da yake da sinadarin kafin na aƙalla awa 12, kuma takardun umarni da aka kwaso daga ƙasashen waje kofi suke ambata, ba sa ambaton goro, alhali dattijon da ya kwana a mota yana tauna goro don ya kori gajiya, ya kuma karya da shayi mai kauri a tasha, zai iso da bugun da ƙwaya ɗaya ba za ta sauke ba. Riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15 shi ma sai an koya, kuma muryar da take cikin na'urar yawanci da Turanci take ba da umarni, a yankin da mutane suke magana da Fulfulde da Gude da Fali da Margi da Kamwe da Kilba ban da Hausa. Ma'aikacin da ya tsaya ya gwada da majinyaci sau biyu ko uku da harshen da yake ji, ya gaya masa cewa zai ji ɗumi ya ratsa jikinsa har zuwa mara idan ruwan aidin ya shiga kuma kada ya firgita ya motsa, ya yi wa hoton aikin da babu manhajar da za ta yi. Ana kuma sanya ƙwayar nitroglycerin a ƙarƙashin harshe domin jijiyoyin su buɗe, kuma wannan ƙwaya tana da haɗari ƙwarai ga wanda ya sha maganin ƙarfin maza irin Viagra a kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, domin jini yana iya faɗuwa warwas. Kunya ba ta da wuri idan aka tambayi majinyaci ko ya sha irin wannan magani, har da magungunan da ake sayarwa da sunan na gargajiya, waɗanda ake samun wasunsu an cakuɗa su da wannan sinadari. Mai asma ya faɗa kafin a ba shi maganin rage bugu, mai juna biyu ko mai zaton tana da shi ta faɗa kafin ta hau gado, mai ciwon suga ko ciwon ƙoda kuma a auna masa aikin ƙoda tukuna, domin ta nan aidin yake fita. A zafin watan Maris da Afrilu, ko a cikin azumi, ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara wa ƙoda nauyi, don haka ya kyautu a tsara ranar gwaji da wannan a zuciya.

Duk da haka, tsimin radiyeshan yana da iyaka, kuma wuce ta ɓarna ce irin ta daban. Hoton da tsaki ya yi masa yawa yana iya ɓoye ƙuntatar da take nan, ko ya nuna wadda babu ita har a tura mutum aikin bututu ba gaira ba dalili. Tsofaffi da masu ciwon suga da suke da kalsiyam da yawa a bangon jijiya suna da wahalar ɗauka, domin kalsiyam yana kumbura a hoto ya rufe hanyar jini fiye da yadda yake a zahiri, shi ya sa wasu cibiyoyi suke fara ɗaukar ɗan gajeren hoto ba tare da aidin ba, su ƙirga kalsiyam da ma'aunin da Arthur Agatston ya tsara a 1990, kafin su yanke shawarar ci gaba.

Tambayar da ta riga duk waɗannan ita ce ko gwajin ya dace da wannan mutum tun asali. Ƙarfinsa yana wajen kore shakka, domin idan hoto mai kyau ya nuna jijiyoyi a wanke, da wuya ƙwarai a ce ciwon ƙirjin daga toshewarsu yake. Binciken SCOT-HEART da aka yi a Sikotland a kan mutum 4,146 masu ciwon ƙirji ya nuna a 2018 cewa bayan shekara biyar, waɗanda aka yi wa hoton kashi 2.3 cikin 100 ne suka gamu da toshewar jijiyar zuciya ko suka mutu da ita, idan aka kwatanta da kashi 3.9 na waɗanda ba a yi wa ba, kuma an danganta wannan da fara shan magungunan rigakafi da wuri. Ga ɗan shekara 55 mai hawan jini da nauyin ƙirji idan ya hau tudu, haɗarin ƙin yin gwajin ya fi na radiyeshan nesa ba kusa ba. Amma ga matashiya mai ciwon ƙirjin da bai yi kama da na zuciya ba, ko attajirin da ba ya jin komai yana son a duba shi kawai don yana da kuɗin biya, ma'aunin ya karkata ɗaya gefen. Wanda kuma ciwon ya kama shi nan take, da gumi da matsi mai tsanani, asibiti mafi kusa ya kamata a kai shi a auna bugun zuciyarsa a fara magani, ba hanyar Yola don neman hoto ba.

Najeriya tana da dokar kariya daga radiyeshan tun 1995, da hukumar NNRA da ta fara aiki a 2001 wadda take ba da lasisin amfani da irin waɗannan na'urori, da kuma hukumar rajistar ma'aikatan ɗaukar hoto da aka kafa a 1987. Abin da ya rage shi ne kowace cibiya ta riƙa rubuta abin da take ba majinyatanta tana kwatanta shi da na takwarorinta, aikin da yake bukatar masana kimiyyar fiziks na asibiti, kuma Jami'ar Jihar Adamawa da take Mubi tana da ɗaliban fiziks da za a iya karkatar da wasunsu zuwa wannan fanni. Kowace na'urar siti-sikan tana fitar da shafi a ƙarshen gwaji mai ɗauke da wata lamba da ake rubutawa DLP, wadda idan aka ninka ta da 0.014 take ba da ƙiyasin milisibat, kuma matsakaicin wannan lamba a binciken 2017 shi ne 195, alhali a 2007 ya kai 885. Duk wanda aka yi wa wannan gwaji, ko ya raka mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya nemi a saka masa wannan shafi a cikin faifan hotonsa, ya adana faifan da rahoton likita wuri ɗaya, kuma ya tafi da su duk asibitin da zai je nan gaba, domin kada a sake haska shi a kan tambayar da aka riga aka amsa.